Kafin ta zama mai: abin da ya kamata ku sani game da busasshiyar kwakwa

Mafi yawan man kwakwar da ke yawo a duniya, wanda ke cikin sabulun wanka da man gashi da biskit da alewa, ba daga farar kwakwa mai garɗi irin wadda masu baro ke yankawa a bakin titi aka tatso shi ba. Daga wani abu ne mai tauri, launin ƙasa-ƙasa, mai warin hayaƙi haɗe da ɗan tsami, wanda in aka miƙo muku ba lalle ku yarda ku kai shi baki ba. Tsokar kwakwa ce da aka ɓamɓare daga ƙoƙonta aka busar, a kasuwar duniya kuma kofra ake ce mata. Miliyoyin iyalai a Filifin da Indonesiya da Indiya da tsibiran tekun Fasifik da ita suke ci, da ita suke sha, da ita suke biyan kuɗin makarantar yara.

Dalilin busarwar ruwa ne. Tsokar kwakwar da ta ƙosa kusan rabinta ruwa ne. Muddin tana rufe cikin ƙoƙonta takan daɗe lafiya lau, amma da zarar an fasa ta iska ta shiga, to sai gaggawa. Cikin 'yan sa'o'i fuskar tsokar za ta soma yauƙi, kafin kwana biyu ta yi tsami, fumfuna ta hau. Abin da ake so shi ne a kori ruwan nan har ya sauko zuwa kashi 6 cikin 100. In an kai nan, kofra takan yi watanni a sito ba ta lalace ba, kuma kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyinta mai ne zalla. Gyaɗa ba ta kai haka ba, waken suya kuwa ko kusa, don man da ke cikinsa bai wuce kashi 20 ba. Duk wata rigimar da ke cikin wannan sana'a, daga gona har masana'anta, a kan ruwan nan take: wa zai kore shi, da me zai kore shi, in kuma bai fita duka ba, wa zai ɗauki asarar.

Ƙasashe uku, Indonesiya da Filifin da Indiya, su ke noma wajen kashi 70 cikin 100 na kwakwar duniya. Indiya tana cinye yawancin tata a gida. Filifin ce kan gaba wajen fitar da man zuwa waje, saboda haka a can ya fi dacewa a tsaya a ga yadda abin yake. Gonakin kwakwa a ƙasar sun kai hekta miliyan 3.5, wajen rubu'in ƙasar nomanta ke nan, kuma manoma kusan miliyan 2.5 ne a kansu. Fiye da rabin amfanin daga tsibirin Mindanao yake fitowa, can kudu, har da yankin Bangsamoro na Musulmin ƙasar. A arewa kuma lardin Quezon ya yi suna. Kada ku zaci manyan gandaye ne na kamfanoni. Galibi 'yan ƙananan gonaki ne, hekta ɗaya, biyu, uku, kuma da yawa daga masu aikin ba su ne da gonar ba, raba amfani suke yi da mai ƙasa.

Bishiyar kwakwa ba ta san kaka ba. Kusan kowane wata takan fitar da sabon nono, kowane nono kuma sai ya yi kamar shekara kafin ya ƙosa, don haka a bishiya guda akwai na jiya, akwai na bara. Manoman Filifin kan zagayo gona duk bayan kwana 45. A wasu yankunan da maƙata ake saukewa, gora ce ake haɗa ta guntu-guntu har ta kai tsayin bishiyar, da lauje a ɗaure a kanta. Mai riƙe da ita wuyansa a sama yini guda, yana kaucewa abin da ya yanko. A wasu yankunan hawa ake yi, ana taka saran da aka yi wa gangar bishiyar. A kudancin Thailand da wasu sassan Sumatra birai ake horarwa su hau su murɗo, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a 2020 har wasu manyan kantunan Birtaniya suka janye kayan kwakwar wasu kamfanonin Thailand daga kan kantocinsu.

Bayan an tara sai fiɗa. Akwai wani ƙarfe mai kaifin baki da ake kafawa a ƙasa, bakinsa na kallon sama, tsayinsa kamar iya cinya. Mai aiki ya ɗauki kwakwa da hannu biyu ya caka ta a kai, ya danna da nauyin jikinsa ya murɗa, ɓawo ya tsage; ya juya ta ya sake, sau uku ko huɗu, ƙwallon ya fito tsirara ya jefa shi gefe, hannunsa ya riga ya kai kan ta gaba. Gwani yakan feɗe 1,000 a yini, har fiye. Kuskure kaɗan, ƙarfen ya samu tafin hannu. Sai a zo fasawa: sara guda da adda a tsakiya, ta rabe biyu, ruwanta ya malale ƙasa. Ruwan kwakwar da ake sayarwa da tsada a kwali a manyan kantuna, a gonar kofra ƙasa ce ke shanye shi.

Hanyar busarwa mafi araha ita ce rana. A jera ɓarin kwakwa a kan siminti ko tamfol, bakinsu na kallon sama. Bayan kwana biyu tsokar ta tsuke ta saki ƙoƙo, a sa wani ƙarfe mai lanƙwasa a ɓamɓaro ta, a ci gaba da shanya. Kwana biyar zuwa bakwai na rana mai kyau sun isa, kuma kofrar rana fara ce, ba wari. Matsalar ita ce kwakwa ba ta yi sai inda ruwan sama ya wadata, kofra kuwa ba abin da ta ƙi jini kamar ruwan sama. A gabashin Filifin akwai wuraren da ba su san rani na sosai ba, samun mako guda cur babu hadari sai an taki sa'a. Yayyafi ɗaya da tsakar rana ya isa ya mayar da aikin kwana uku baya.

Shi ya sa yawancin manoma suka dogara da hayaƙi. Abin da suke kira tapahan rami ne da aka yi wa gado na tsagin gora a sama, da 'yar rumfa don kare ruwa. A jera ɓarin kwakwa a kan gadon, a kife, hawa-hawa, a hura wuta a ƙasa da ɓawon da aka feɗe da ƙoƙunan da suka rage daga zagayen baya. Ba a sayen itace, kwakwa ce ke gasa 'yar uwarta. Mutum zai kwana yana gadi, domin wutar in ta yi ƙasa tsoka ta yi gumi ta lalace, in ta yi sama kuwa mai ya soma ɗiga cikinta, kuma ba baƙon abu ba ne tapahan ya kama da wuta ya lashe amfanin wata ɗaya da rabi kafin a kawo bokitin ruwa. Cikin kwana biyu ko uku an sauke, an ɗure a buhu. Sai dai da sauran magana: bayan tsokar ya gasu ya yi duhu, cikinta bai bushe ba. Sau da yawa kofrar tapahan tana barin gona da laima ninki biyu na abin da ake so, ko fiye.

Masana aikin gona sun daɗe da ƙera wuraren busarwa waɗanda hayaƙi ba ya taɓa tsokar, zafi kawai ke ratsa ta ta jikin bututu ko gangar ƙarfe, kuma tsadarsu ba ta a zo a gani ba ce. Manomi ya san da su. Abin da ya hana shi yana wurin sikeli.

Mai sayen kofra a ƙauye sau da yawa shi ne mai kantin da manomi ke karɓar shinkafa da kananzir da kuɗin magani bashi kafin a sauke kwakwa. In buhu ya zo zai ɗora a sikeli, ya zura hannu ya ɗebo, ya karya guda ya duba, ya matsa da babban yatsa, sannan ya yanke hukunci: akwai laima, za a zabge kaza cikin ɗari. Na'urar auna laima tana nan, amma ba kasafai ake ganinta a irin wannan kanti ba. Zabgewar kuwa kusan kullum sai an yi ta, kofra ta bushe ƙayau ko ba ta bushe ba. To ku yi lissafin da manomin zai yi. In ya ƙara kwana biyu yana busarwa nauyi ya ragu, kuma za a zabge masa dai. In ya kawo ta da ɗan ruwanta an zabge, amma ruwan ma ya hau sikeli. Wanda ke hannu baka hannu ƙwarya ba sai an koya masa wannan ba. Ba kuma zai ɗauki buhunsa ya nufi wani kanti ba, don bashi ya ɗaure shi. A ganina nan cutar take, kuma masu cewa jahilcin manoma ne ke ɓata kofra ba su taɓa tsayawa bakin sikeli ba.

Daga kantin ƙauye buhu ya wuce wurin babban dillali a gari, daga can zuwa wani a bakin tashar jirgin ruwa, kafin ya isa masana'anta. Kowa da ribarsa, kowa da tasa zabgewar, makonni na wucewa kaya na jibge a sito mai zafi. Fumfuna kala-kala ta lulluɓe shi, man da ke ciki ya soma tsami, ƙwari su samu gida; akwai ma wani ƙaiƙayi da 'yan dako ke fama da shi, wanda likitoci suka laƙaba wa sunan kofra, ƙananan ƙwarin cikin buhu ke kawo shi. Mafi haɗari ita ce gubar afalatoksin da wata irin fumfuna ke fitarwa, wadda ke jawo kansar hanta. Masu fitar da gyaɗa sun san ta, don ita ce dai ke sa a ƙi karɓar kayansu a Turai. An gano ta ne bayan talo-talo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Ko jirgin ruwa ma da taka-tsantsan yake ɗaukar kofra: tana cikin jerin kaya masu haɗari, domin in an jibge ta da laima takan ɗauki zafi da kanta har ta kama da wuta.

A masana'anta za a niƙa ta, a ɗumama, a tura cikin injin matsa. Tan guda na kofra mai kyau yakan ba da mai kilo 600 da ɗoriya, ragowar kuma tunkuza ce, abincin shanu da kaji. Manyan masana'antu kan bi tunkuzar da wani sinadari su tsamo ɗan man da ya maƙale. Ɗanyen man da ke fitowa ja-ja ne, mai wari, ba ya ciyuwa sai an yi masa wanka uku: a cire tsaminsa, a tace shi da wata irin ƙasa mai shanye launi, sannan a bi shi da tururi mai tsananin zafi ya kore wari. Dattin hayaƙin tapahan kuma, wanda shi ma akwai masu jawo kansa a cikinsa, da garin wani gawayi na musamman ake kama shi, kuma wani abin dariya, shi kansa gawayin sau da yawa da ƙoƙon kwakwa ake yin sa. Bayan haka mai ya fito fes, ba launi ba ƙamshi, gubar ma ta tafi. Amma kowane wanka kuɗi ne, kuma mai na raguwa. Masana'anta ta san da haka tun kafin ta sa farashi, sai ta cire kayanta daga kuɗin kofra, abin ya gangaro ta hannun dillalai ya sauka a kan mai tapahan. Tunkuza kuwa ba a yi mata wanka; gubar na nan, in shanu suka ci tana iya fitowa a madara. Da Turai ta tsaurara ƙa'ida a kan abincin dabbobi, sai kasuwar tunkuzar Filifin ta karkata zuwa ƙasashen Asiya irin su Koriya ta Kudu da Vietnam.

Sana'ar ba ta tsufa kamar yadda ake zato ba. Mutanen bakin teku sun daɗe suna tatsar man kwakwa a gida, amma kofra a matsayin hajar duniya 'yar ƙarni na 19 ce, lokacin da masana'antun sabulu da kyandir na Turai suka rasa isasshen kitse. Da farko man ake saye. A tsibiran Fasifik mutane kan goge tsokar su bar ta a rana har mai ya tsatso, a ɗura a ganguna, ganguna su yi ta yoyo a hanya, abin da ya rage ya isa Turai da wari. Wani kamfanin Jamusawa na birnin Hamburg mai suna Godeffroy, wanda ya kafa sansani a Apia ta Samoa a 1857, shi ya juya tsarin a shekarun 1860 a ƙarƙashin wakilinsa Theodor Weber: a busar da tsokar, a loda a jirgi, a tatse a Turai. Da haka aikin wahala ya zauna a tsibirai, aikin riba ya koma Hamburg da Marseille. An ƙirƙiro botar majarin a Faransa a 1869, daga baya aka koyi yin ta da man tsirrai, buƙata ta ƙara hawa. Kamfanin sabulu na Lever ya buɗe gandayen kwakwa a tsibiran Solomon a farkon ƙarni na 20, kuma shi ne dai ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga cikinsa UAC ta fito a 1929. Wato ƙishirwar man da ta sa aka cika tsibirai da kwakwa, ita ce ta tayar da cinikin gyaɗar Kano bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911.

Filifin ta shiga da ƙarfi bayan Amurka ta karɓe ta daga hannun Sifen a 1898, ta kuma buɗe mata kasuwarta ba haraji a 1909. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara wa abin wuta, saboda daga man kwakwa ake samun gilisarin da ake haɗa nakiya da shi.

Amma labarin da kowane manomin kwakwa a Filifin ya sani shi ne na haraji. A zamanin Shugaba Ferdinand Marcos aka ɗora wa kofra haraji, an soma da ɗan kaɗan a 1971, a 1973 aka sa peso 15 a kan kowane kilo 100, daga baya aka yi ta ƙarawa. An ce da manoma don amfaninsu ne: za a daidaita farashi, a ba su sabon iri, su zama masu hannun jari. A takarda 'yan kasuwa ne ke biya, a bakin sikeli kuwa daga kuɗin manomi ake cirewa. Zuwa 1982 an tara wajen peso biliyan 9.7. Da kuɗin aka sayi banki a 1975, aka sa masa suna bankin manoman kwakwa, United Coconut Planters Bank, aka damƙa shi a hannun Eduardo Cojuangco, na hannun daman Marcos. Da su aka saye masana'antun tatsar mai aka haɗe su a inuwa guda, har ya zama kusan mai saye ɗaya ne ke faɗin farashi. Da su kuma aka sayi babban kaso a San Miguel, katafaren kamfanin abinci da abin sha na ƙasar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Marcos ya faɗi a 1986, shari'a ta ɗauki shekara 26: a 2011 Kotun Ƙoli ta bar wa Cojuangco wani kason na San Miguel, a 2012 ta ce ɗaya kason dukiyar jama'a ce, a riƙe shi amana don manoman kwakwa. Sai a 2021 Shugaba Duterte ya sa hannu a dokar da ta kafa asusun amana na peso biliyan 75. Da yawa daga waɗanda aka cira wa kuɗin ba su ga wannan rana ba.

Ko babu masu wawura, farashin kofra ba ya zama wuri guda, kuma ba a ƙauye ake yanke shi ba. Farashin man kwakwa na Rotterdam ta ƙasar Holan kowa ke dubawa. Man kwakwa bai fi kashi 2 cikin 100 na man tsirran duniya ba. Abin da ya riƙe masa daraja wani sinadari ne da ake kira lorik, wanda ya kai kusan rabinsa, shi ke sa sabulu da shamfu kumfa. Wani man da ke da irin wannan da yawa shi ne alayyadi, wanda Indonesiya da Malesiya ke tatsa daga ƙwallon kwakwar manja. In alayyadi ya yi araha kamfanonin sabulu su koma can, kofra ta faɗi. A shekarun 1980 ƙungiyar manoman waken suya ta Amurka ta yi kamfe a kan man ƙasashe masu zafi, tana cewa yana toshe jijiyoyin zuciya, kamfanonin abinci suka yi ta cire shi daga kayansu. A 2019 farashi ya faɗi a Filifin har ladan saukewa da fiɗa ya kusa cinye abin da za a samu. A 2025 kuwa ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, tan guda na mai ya haura dala 2,000 nesa ba kusa ba, saboda farin da aka yi a baya ya rage 'ya'ya, ga shi kuma tun Oktoban 2024 Filifin ta ƙara yawan man kwakwar da ake gauraya wa dizal zuwa kashi 3 cikin 100.

Manomin masara in farashi ya tashi sai ya ƙara fili baɗi. Na kwakwa ba shi da wannan dama. Doguwar bishiya sai ta shekara shida zuwa takwas kafin ta soma haihuwa, takan kuma haura shekara 60, amma haihuwar na raguwa da tsufa, kuma miliyoyin bishiyoyin Filifin sun tsufa. A matsakaici bishiya kan ba da kwakwa 45 ne a shekara, alhali ingantaccen iri mai samun kulawa yana haura 100. Kwakwa huɗu zuwa shida ke yin kilo guda na kofra, ke nan bishiya ɗaya wajen kilo 10 take bayarwa a shekara, hekta guda kuma da ƙyar take cika tan. Takin da hukumar kwakwa ta ƙasar ke rabawa zai ba ku mamaki: gishiri ne, irin na miya, domin kwakwar da ke nesa da teku tana ƙishirwarsa. Ga kuma guguwa. A ranar 8 ga Nuwamban 2013 mahaukaciyar guguwar Haiyan ta kashe mutum sama da 6,000, ta kuma karya ko ta lalata bishiyar kwakwa wajen miliyan 33 a yankin Visayas ta Gabas kaɗai. Wanda gonarsa ta kwanta a safiyar nan, ko ya dasa washegari, sai wajen 2020 zai sake hura tapahan. Gwamnatin yanzu, ta Ferdinand Marcos ƙarami, ta yi alkawarin dasa bishiya miliyan 100 kafin 2028.

Wasu ƙasashen sun zaɓi tsayawa tsakanin manomi da kasuwa. Indiya kan sanar da mafi ƙarancin farashin kofra duk shekara, in kasuwa ta yi ƙasa da shi hukumomi irin su NAFED su saya. A kakar 2025 rupi 11,582 ne a kan kilo 100 na kofrar tatsa. Suna da wata irin ma ta daban, musamman a Karnataka, inda ake ajiye kwakwa ba a fasa ba har kusan shekara, ruwan ya ƙafe a ciki, tsokar ta saki ta dunƙule tana kaɗawa cikin ƙoƙo. Wannan ta ci ce da hidimomin addini, ta fi tsada. Ƙasar Kiribati a tsakiyar Fasifik ta ninka farashin da take biya zuwa dalar Ostireliya 2 a kan kilo a 2016, sama da abin da kasuwa za ta bayar, don mutanen ƙananan tsibirai su samu abin zama a gida maimakon tururuwa zuwa Tarawa, babban birni.

Ga mai saye a kanti, man kwakwa iri biyu ne. Wanda ya fito daga kofra an tace shi, ba ya ƙamshin komai, ya fi araha, ya fi jure wutar suya. Ɗayan daga ɗanyar tsoka ake yin sa, a goge a matse madararta a raba mai da ruwa, ko a busar da gogaggiyar nan take cikin tsafta a matse. Bai ga tapahan ba, yana ƙamshin kwakwa, kuma kuɗinsa ya fi. Dukansu suna daskarewa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24, saboda haka in kwalbarku ta yi fari ta sandare da hunturu, ba lalacewa ta yi ba. Wanda ya kwana a firji yana nan tsululu shi ne abin tuhuma. Ta fuskar lafiya kuma, fiye da kashi 80 cikin 100 na kitsensa mai daskarewa ne, kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa kada a mayar da shi man girki na kullum. Masu tallarsa a matsayin maganin kowace cuta sun zarce abin da bincike ya tabbatar.

A Afirka sana'ar ta taɓa yin ƙarfi. Lardin Zambeziya na Mozambik yana da gandayen kwakwa da ake lissafawa cikin mafi girma a duniya, kafin wata cuta mai sa ganye ya yi rawaya kan bishiya ya faɗi ta bar kututture tsaye ta yi musu kaca-kaca. Irin wannan cuta ta ɓulla a yankin Keta na Ghana tun 1932, daga baya ta isa yammacin ƙasar. A Najeriya Badagry ce cibiyar kwakwa, amma abin da take nomawa bai isa ba, 'yan kasuwa har yankin Nzema na Ghana suke zuwa su lodo. Yawancinta kuwa ba ta zama kofra. Ɗungurungum take hawa mota zuwa kasuwannin arewa, a ci ɗanya, a yi alewa, a markaɗa da aya da dabino.

Asiya ma ta soma bin wannan hanya. Masana'antun madarar kwakwa da garinta da ruwanta suna sayen ƙwallon ɗungurungum, su fasa da kansu, su amfana da ruwa da ƙoƙo da tsoka gaba ɗaya. Cikin 'yan shekarun nan Sin ta yi ta kwasar kwakwar Indonesiya har masana'antun cikin gida suka koka da rashin kaya, suna neman gwamnati ta taƙaita fitarwa. Manomin da ke kusa da titi ya samu zaɓi: ya feɗe ya sayar a ƙirge ko a sikeli, ba gadin wuta, ba zabgewar laima. Na can cikin tsauni ko ƙaramin tsibiri, wanda jirgi ke leƙowa sau ɗaya a wata, dole ya ci gaba da busarwa, domin kwakwa 5,000 ba ta ɗaukuwa a bayan doki ko cikin kwalekwale, amma in ta koma kofra buhu 20 ce.